Batirin Jirgin Ƙanena

Ƙanena ya dawo daga Kano bayan an cire gyaɗa, a shekarar da aka turo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta ƙauyenmu, kusa da Kwaya. Ni ne babba, ni na yi karatu har ake ce mini mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Shi kuwa tun yana ƙarami ya gudu wajen kawunmu, ya yi yaron mota, daga baya ya zama direban wani Bature mai aikin hanya. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa jirgin sama na wasa, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da akwati mai dogon eriya. Da aka ɗaura masa fukafukai a tsakar gidanmu, faɗinsu ya fi tsawon mutum.

Jirgin bai tashi ranar ba. Ƙanen nawa ya buɗe cikinsa ya nuna mana wani ɗan batir naɗe da soso.

"Wannan shi ne ransa," in ji shi. "Injin mai yake sha, amma kunnen da ke jin umarnina, da ƴan injinan da ke juya wutsiya da fukafukai, duk daga nan suke ci. Jirgi babba, ci babba. In ya ƙare a sama, sai dai mu tsinci itace."

Na ce a sa masa pil irin na rediyo mana, ga su a kanti.

"Haba Yaya, ba za su ɗauka ba. Cika shi ake yi, daga batirin mota."

Ya taho da tsohon batirin mota, amma shi ma ya huce, kuma ƙauyenmu babu mai mota. Sai an kai shi garaji a Magariya.

Babanmu mutum ne marar yawan magana. Gona da shanu, shi ke nan. Bai taɓa leƙa ajina ba, ko da yake daga gindin tsamiyar da yake zama ana jin muryata. Amma ranar kasuwa ina fitowa na tarar ya ɗaura wa jaki amalanke da kansa, ya shimfiɗa buhu, ya ɗora batirin, ya cire malfarsa ya rufe shi saboda rana. Na tsaya da alli a hannu ina kallonsa.

"Baba, ai sai a aiki wani."

"Wani zai kifar da ruwan cikinsa," ya ce, ya kaɗa jaki.

Ranar ban koyar da abin kirki ba. Yara ma hankalinsu na kan hanyar Magariya.

Da ya dawo, su biyu suka zauna a zaure. Ƙanena yana cewa jar waya nan, baƙa nan, Baba yana riƙe da wayoyin da yatsunsa masu kaushi, idonsa a kan wata ƴar allura da ke motsi sannu a hankali. Na wuce su sau da yawa. Ba wanda ya ce in zauna.

A wata gona da aka girbe aka tashi jirgin. Ya yi gudu, ya ɗaga, ya kewaye gawo, shanu suka watse, mata suna guɗa. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Ba a jima ba ƙanena ya sauko da shi, mutane suka yi ta roƙon a ƙara. Baba ne ya ɗaga hannu.

"Ku bar shi, batirin ya gaji. Yaron ya san abin da yake yi."

Ban taɓa jin ya faɗi haka a kaina ba. Na koma gida tun kafin taron ya watse.

Da lokacin komawarsa Kano ya yi, ƙanena ya ce zai bar jirgin, hanya tana karya shi. Ya dube ni.

"Yaya, ka riƙa cika batirin lokaci lokaci, in an bar shi mutuwa yake."

Na buɗe baki zan ce to, raina har ya fara sanyi. Baba ya riga ni.

"Yayanka yana da aikinsa. Ni zan yi."

Ya kuwa yi, duk rani, har ruwa ya sauka aikin gona ya ɗauke shi. Batirin ya mutu a daminar nan, jirgin bai sake tashi ba. A ɗakin Baba aka rataye shi, kuma duk baƙon da ya zo sai an shigar da shi ya gani. Ni nake kawo musu ruwan sha.