Tabar Sadurní

Shekarar da maigidana ya rasu, ƙanƙara ta rufe ƙofata har gwiwa. Maƙwabcina Sadurní ne ya zo da shebur ya share mini hanya har bakin coci. Ko gaisuwa bai tsaya ba.

Manomin taba ne, kamar ubansa. Da can duk kwarinmu na Andorra taba ce kore shar. Yanzu shagunan turare ne da agogo da gidajen mai, Faransawa da Sifaniyawa suna ta lodi a mota. Gonarsa kaɗai ta rage a layinmu, benaye sun sa ta a tsakiya, rana ba ta sauka cikinta sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Shekara hamsin yana rataye ganye a rumbun katako, yana juya shi ɗaya bayan ɗaya, yana shinshinawa. Kowa ya san doka ce ta sa kamfani ke saye: sai sun ɗauki tabar gida ake barinsu su shigo da ta waje. Abin da suke yi da ta gidan kuwa, ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa.

Ɗansa Jofre ne ya faɗa. Masu gini sun daɗe suna zarya wurin Jofre kan sayen gonar, amma ba ta sayuwa sai da sa hannun tsohon. Ina shanya na ji shi da ubansa.

"Baba, wa kake wa wannan kwalliya? Ko akuya ba ta taɓa ɗanɗana tabarka ba."

"Kai da ba ka san warin ƙasa ba, me ka sani?"

"To shiga mota in nuna maka."

Ya kai shi bayan gari, inda kamfanin ke zubar da dammunan taba, wasu ko igiyar Sadurní ba a kwance ba, a cinna musu wuta.

Tun daga ranar bai ƙara buɗe rumbun ba. Ganyen bana ya yi funfuna a rataye, warinsa har ɗakina. Coci ma ya daina zuwa. Ya sa hannu a takardar sayar da gonar ba gardama, wannan ne ya fi tsorata ni. Ya ba ƙanwarsa karensa. Sai rannan na gan shi ya buɗe rumbun ya shiga da jarkar mai biyu, shi da ba shi da mota.

Na yi wa Jofre magana, ya yi dariya. "Inna Roser, ki bar tsoho ya yi fushinsa, zai huce."

Ran Lahadi da la'asar Sadurní ya tsaya a ƙofata, ya aske gemu, hularsa a hannu. Litinin injin rusau zai shigo.

Na ce, "Shigo ka sha romo, maƙwabci."

Ya girgiza kai. "Roser, abu ɗaya nake roƙo. Gobe ki tafi gidan 'yarki tun da sassafe. Ki rufe tagogin nan kafin ki fita."