Rabon Inna a Badagiri

Sakkwato zuwa Ilori

Ko assalatu ba a kira ba Baba ya buga mini ƙofa da sandarsa, wai kada mota ta tafi ta bar mu. Motar kuwa sai an yi salla an karya kumallo za ta tashi. Sunana Kulu, ni ce babbar 'yarsa, aikin jinya nake yi. Ni aka ɗora wa rakiyarsa domin ni kaɗai ke iya sa shi ya haɗiye maganin hawan jini ba tare da an yi shari'a ba.

Ga dalilin tafiyar. Gidanmu a Ƙofar Taramniya gidan mahauta ne, da kilishi aka san mu. Baba yana da wa, Ummaru, wanda ya bi shanu zuwa kurmi tun Baba yana saurayi. Ya yi aure a can, kakanmu ya yi fushi ya aika masa da magana mai zafi, daga nan labarinsa ya yanke. Sai bara wani direban motar shanu ya ce ya taɓa jin wani Ummaru Basakkwace mai nama ya rasu a Badagiri, can bakin teku, kuma ya bar zuriya. Tun ranar Baba ya ƙudura sai ya tsaya a kan kabarin wansa, ya ga 'ya'yansa da idonsa. Ya tsufa, ƙafafunsa suna kumbura, ni kuma na san in wannan tafiyar ba ta yi ba, ba za a yi ta biyu ba.

Kilishin tsaraba da hannunsa ya yi shi, da labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da yaji da ake tsoma naman a ciki, irin namu wanda ake zaƙaƙa shi da dabino maimakon sukari. Da zai shirya shi a kwali, ya yanke tsiri na farko ya ajiye gefe. Al'adar gidanmu ce: duk sabon fallen kilishi, yankan farko rabon Inna ne, mahaifiyarsu, ba a sayar da shi. Tun da ta rasu, ƙanwarsu Gwaggo Ige da ke zaune a ɗakinta ita ke karɓa, ko da yake haƙoran da suka rage mata ba su kai a yi musu lissafi ba.

Gwaggo ta rako mu har zaure. Ta ce, "Kulu, ki ɗebo min ruwan teku cikin jarka, an ce shina maganin gwiwa. In kunka ishe ɗiyan Ummaru, ki dibi kunnuwansu. Duk gidanmu manya na."

Mun bar tasha rana tana fitowa. Muka sha fura a Jega, muka sayi soyayyen kifi a Yawuri, azahar da la'asar muka haɗa su a Kwantagora. A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce, "Baba, me ke cikin kwalin nan?" Baba ya ce, "Abin da hancinka yag gaya maka." Mota duk ta yi dariya, jami'in ma ya yi, ya ɗaga mana hannu. Da muka hau gadar Jaba, Baba ya daɗe yana kallon kogin Kwara ta taga.

Mun kwana a Ilori, gidan ɗan wani tsohon abokinsa da ke harka a kara, kasuwar shanu. Aka kawo amala. Baba ya dube ta ya ce, "Wanga tuwo ƙonewa yay yi?" Malmala biyu ya tashi da su.

Ilori zuwa Badagiri

Washegari muka ratsa Badun muka shiga Legas, wadda har yau Baba Ikko yake ce mata. Ba zan ɓata takarda a kan cunkoson motocinta ba, wanda ya sani ya sani. Muka canza mota muka ɗauki hanyar Badagiri, mai shinge bayan shinge saboda iyaka tana kusa. Da la'asar muka sauka a unguwar Hausawa, gidan Malam Buba, wani Bazamfare mai sayar da albasa da aka haɗa mu da shi tun daga gida.

Abin da ya fara ɓata wa Baba rai ba mutum ba ne, iska ce. Da aka buɗe kwali, kilishin da ya bar Sakkwato yana ƙaras-ƙaras ya yi laushi kamar tsumma. Baba ya sa aka shanya shi a rana wuni guda, kamar yadda ake yi a gida. Da yamma ya fi da safe laushi. Malam Buba ya ce, "Alhaji, nan ko wanki sai an yi masa addu'a yake bushewa." Baba ya yanke hukunci nan take cewa ƙasar nan ba a iya kilishi a cikinta, kuma in Ummaru ya zauna a nan, to ya bar sana'ar gida.

Kwana biyu muka yi muna cigiya. Dattawan masallaci suka karɓe mu da mutunci, amma yawancinsu baƙi ne da suka zo daga baya. Ummaru kuwa an yi su da yawa: na Katsina, na Gobir, na Nijar. Wani tsoho ɗaya ne ya ce ya tuna wani mai nama dogo a wajen bakin ruwa, inda tsofaffin gine-gine suke, amma an daɗe. Baba ya fara rage cin abinci. Na auna jininsa, abin da na gani bai yi mini daɗi ba, na ce masa jibi za mu juya, an samu ko ba a samu ba. Na ji tausayinsa ƙwarai da ya ce "to" ba gardama, domin ba halinsa ba ne.

Bakin ruwa

Malam Buba ne ya ce tunda mun zo, mu je mu ga tsofaffin gine-ginen bakin ruwa, ai wurin da tsohon nan ya ambata ke nan. Muka ɗauki keke mai ƙafa uku.

Aka fara kai mu wani farin gidan bene da Turawan mishan suka gina, mai matakalar katako da tagogi masu kallon ruwa. Mai yi wa baƙi bayani, wani mutum mai fara'a da ke jin Hausar kasuwa, ya ce shi ne bene na farko a ƙasar nan. Baba ya ce, "Na hwarko a ina? Mu da munka gaji soron bene na ƙasa tun kakanni?" Mutumin ya yi dariya ya ce kullum sai ya sha wannan musun daga mutanen Arewa. Baba bai hau ba, ni na hau, katakon yana kuka a ƙarƙashin ƙafata.

Daga nan dariya ta ƙare. Aka shigar da mu inda ake ajiye kayan zamanin cinikin bayi: sarƙoƙin wuya, marin ƙafa, har da ƙanana na yara. An ce in ɗaga ɗaya, na ɗaga da hannu biyu na mayar da sauri. Muka ga ɗakunan da ake tsare mutane kafin jirgi ya zo, kowanne bai fi ɗakin girkinmu ba, da 'yar kafa ɗaya can sama. Mai bayanin ya ce wasu daga cikinsu daga Arewa aka gangaro da su. Baba ya cire hularsa ya goge kansa, ya yi ta salati a hankali.

Sai ƙetare ruwa a kwalekwale mai inji zuwa tsibirin da ake bi da bayi a kai su teku. Ni da nake taƙamar rakiya, ni ce na riƙe rigar Baba har muka sauka. Hanyar yashi ce tsakanin itatuwan kwakwa, mai nisa, don haka aka ɗora Baba a babur. A tsakiyarta akwai wata tsohuwar rijiya. An ce daga cikinta ake shayar da bayi, wai duk wanda ya sha sai ya manta gida da kowa nasa. Baba ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce da ni, "Kulu, ko Ummaru ya sha ruwan ga?"

Teku kuwa, duk yadda aka ba ka labarinta ba ta kai ganin ido ba. Ƙararta kaɗai ta isa. Nan ne wurin da suke ce wa inda ba a dawowa. Na tattare zanina na cika wa Gwaggo jarkarta, igiyar ruwa ta jiƙa ni har ƙugu, Baba yana daga nesa yana ba da umarni.

Da kwalekwale ya dawo da mu, yunwa ta kama ni. A gefen matsayar akwai wata mata mai kimanin shekaruna, da akwatin gilashi a kan tebur, a ciki ga wani abu baƙi-baƙi mai kama da kilishi. Baba ya taɓe baki. Kilishi a hannun mace, kuma a garin da wanki ba ya bushewa. Na ce ni dai zan saya. Na gaban akwatin ya ƙare, sai ta ciro sabon falle. Ta sa wuƙa ta yanke tsiri na farko, ta jefa shi cikin wani ɗan kwano a gefe, sannan ta fara yanka nawa.

Baba ya matso. Ya ce, "Ɗiyata, wancan da kinka aje hwa?"

Ta ce da Hausarta mai karkacewa, "Ba na sayarwa ba ne, Baba. Na Inna ne."

"Wace Inna?"

"Uwar babana. Ban san ta ba, tana Sakkwato. Babana kullum haka yake yi, sai ya ba tsohuwar da ta fara wucewa. Ya ce tunda hannunsa ba ya kaiwa can, a ba wata a madadinta. Da ya rasu na ci gaba."

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki ɗan guntu daga nawa ya sa a baki. Hayaƙi ne ya fara zuwa, a bayansa sai dabino. Na jawo masa benci ya zauna. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, kunnuwanta na duba. Manya ne.

Sunanta Rabi, 'yar Ummaru ta biyu. Da ta gane ko su wane ne mu, ta durƙusa a yashi ta riƙe ƙafar Baba tana kuka, shi ma yana yi, ni ma ban tsira ba. Ta rufe akwati ta kai mu gida. Mijinta da wanta suka raka Baba maƙabarta, ni na zauna da ita a bayan gida ta nuna mini yadda mahaifinta ya yi wa iskar garin dabara. Da ya ga rana ba ta busar da nama, sai ya koyi banda wajen surukansa masu kifi, yana busar da shi a kan hayaƙin ɓawon kwakwa kafin ya tsoma a labu. Dabinon kuma daga Agege take sayowa har yau, domin ya ce kilishin da aka sa wa sukari ba na gidansu ba ne.

Baba ya dawo daga maƙabarta fuskarsa a sake. Ya ci shinkafa da kifi har ya nemi ƙari. Ya duba wurin bandar ya ce hayaƙin ya ɗan yi yawa, amma ba laifi. Wanda ya san Baba ya san wannan babban yabo ne.

Komawa gida

Da za mu tashi, Rabi ta naɗe tsirin nan na cikin kwano a takarda ta ba Baba. Ta ce, "Yau dai a kai shi gidan mai shi." An yi alkawari ita da wanta za su zo da babbar salla.

Hanyar da muka bi ita muka maimaita, da kwana a Ilori, sai dai wannan karon Baba ne ya hana mota barci da labarin teku. Mun shiga Sakkwato ana kiran magariba. Muna gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da masu masaukinmu na Ilori, da Malam Buba wanda ya bar albasarsa ya yi ta yawo da mu. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan Baba Ummaru.

Gwaggo Ige a ɗakin Inna muka same ta. Na ajiye mata jarka, ko kallonta ba ta yi ba. Baba ya zauna a bakin gado ya warware takardar ya sa mata a hannu. Ya ce, "Ige, ga rabon Inna. Daga Ummaru." Ta juya shi, ta shinshina, ta sa a baki. Ba ta iya tauna shi ba, sai ta yi ta tsotsa tana hawaye har aka kira isha'i.