Illo Mai Keke da Gardamar Haraji

Duk wanda ya saba shiga keke mai ƙafa uku daga Gawon Nama zuwa babbar kasuwa ya san Illo. Dogo ne siriri, mai wushirya, hularsa kullum a ture baya. A wani ƙauye na bakin fadama aka haife shi, cikin manoman shinkafa. Da ruwa ya ci gonarsu wata damina sai ya tattara ya shigo birnin Sakkwato, ya yi kabu-kabu da babur har ya samu keke, ya auri Nuriyya, suka kama ɗaki a unguwar Gidan Dahala.

Bai yi boko mai nisa ba, amma rediyo ba ta barin kunnensa, kuma Allah Ya ɗora masa son gardama. Lokacin da aka fara cece-kuce kan sabon ƙudirin haraji, ya ji ana cewa za a sauƙaƙa wa masu ƙaramin samu, a ƙara wa masu babban samu. Ranar kamar an yi masa bushara. Duk fasinjan da ya shiga sai ya sha tambaya.

Wata safiya ya ɗauko Malama Hafsat, wata malamar firamare da ya saba kaiwa makaranta. Kusa da Hubbare suka tarar da wani dattijo cikin babbar riga, tsaye gefen motarsa da ta mutu, yana ɗaga hannu. Alhaji Malami ne, babban ɗan kasuwar shadda. Saboda akwai mace a baya, sai ya shiga gaba kusa da Illo.

Ko ƙafa bai gama gyarawa ba Illo ya ce, "Alhaji, barka da asuba. Kun ji abin da za a yi muku?"

"Mi za a yi muna?"

"Haraji mana! An ce mai shi ya biya da yawa, mu talakawa mu huta. Wallahi na daɗe ban ji magana mai daɗi awa wagga ba."

Alhaji ya dube shi ya yi murmushi. "Kai yaro, mi as sunanka?"

"Illo."

"To Illo, in an ƙara mini haraji, ina kake zaton zan ɗora shi? Bisa shadda. Ranar sallah ka zo yi wa iyalinka ɗinki, kai za ka biya shi."

Sai Malama Hafsat ta sa baki daga baya. "Alhaji, ai haraji kala-kala ne. Akwai wanda ake ɗorawa kan kaya, wannan da ni da kai duk ɗaya muke biya, ga shi aljihunmu ba ɗaya ba. Akwai kuma na kan abin da mutum ya samu. Ni kafin albashina ya iso hannuna an riga an cire. Kai wa ya san ribarka?"

"Yawwa Malama!" in ji Illo, har ya buga kan keke. "Ƙara mashi!"

Alhaji ya juya gaba ɗaya. "Ke Malama, mutum nawa kike ciyarwa? Ni akwai yaran shago, akwai 'yan dako, akwai maɗinka. In na durƙushe su wa za su kama?"

Magana ta yi zafi, kowa na katse kowa. Sai da Malama ta ce, "Illo, ina za ka kai mu?" sannan ya lura ya wuce makarantarta, ya wuce kwanar kasuwa, ya miƙa hanyar fita gari. Su duka suka tuntsire da dariya, Alhaji har da share hawaye da hannun riga.

Amma maganar shadda ta tsaya wa Illo a rai. Da ya koma cin abincin rana ya kwashe labari ya faɗa wa Nuriyya. Tana kwasar tuwo ta ce, "Shi kaɗai ke sayar da shadda a Sakkwato? In ya tsauwala sai in tafi shagon gaba." Illo ya miƙe tsaye da loma a hannu. Ko wanke hannu bai tsaya yi da kyau ba, ya ja keke sai kasuwa.

Ya iske Alhaji yana auna wa wasu mata yadi. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya: "Alhaji, na zo da amsa! In ka ƙara kuɗi, maƙwabcinka bai ƙara ba, wa za a saya wa?"

Alhaji ya ajiye almakashi. "Ka dawo? To zauna. In shi ma an ƙara mashi hwa?" Ya sa aka kawo fura. Suka yi ta yi har la'asar, maƙwabtan shago suka taru. A nan Alhaji ya kawo wadda ta fi ci masa rai: shi ba biyan ne ke damunsa ba, abin da ake yi da kuɗin ne. Yana biya, kuma shi ke sayen man janareta, shi ke sayen ruwa. Illo ya gyaɗa kai, don shi ma kullum sai ya yanki tikitin haraji, ramukan hanya kuwa sun gama cinye masa ƙafafun keke. Ya ce, "Nan kam na bi ka. Amma sauran ban bi ba."

Da 'yan kasuwar layin suka kira taro kan ƙudirin, Alhaji Malami ya ce lallai sai Illo ya zo, a ji ta bakin wanda ba shi da shago. Nuriyya ta goge masa kaftaninsa na Juma'a. Da aka miƙa masa lasifika, ya ga manyan riguna jere, muryarsa ta shige ciki. Wani daga baya ya ce, "Mai keke, man ya ƙare?" Aka yi dariya. Dariyar ce ta kwance masa harshe.

"Da sauran mai, ranka ya daɗe!" in ji shi. "Ni ɗan fadama ne. Wanda ya noma buhu ɗaya da wanda ya cika rumbu ba a yi musu awo ɗaya, ko a zakka. Ku biya fiye da mu. Amma in kun tashi tambayar ina kuɗin suka tafi, ku kira mu, kekunanmu za su kai ku kyauta."

Wuri ya ruɗe. 'Yan dako da ke tsaye a ƙofa suka ɗauki tafi, wasu alhazai suna girgiza kai, wasu suna ɗaga hannu a ba su dama su mayar masa da martani. Taron da aka so a tashi kafin azahar sai da ladan ya raba shi. Ba a cimma matsaya ba, amma daga ranar yaran kasuwa suka laƙa masa suna Sanata.

Har yanzu Illo yana jan kekensa. Alhaji Malami kuwa, ko da aka gyara motarsa, wasu ranaku yakan bar ta a gida ya buga masa waya. Makon jiya na gan su a mahadar Gawon Nama, danja ta ba da hannu, motoci na ta yi musu oda, Alhaji yana lissafa hujjoji da yatsu, Illo na cewa, "A'a, Alhaji, tsaya in gama tukuna!"