Hutun da Kaka Ba Ta Roƙa Ba

Matso kusa, ja kujera ka zauna, akwai abin da nake so ka ji. Ni ba wata mai boko ba ce, karatuna bai wuce in bi layin waƙa a coci ba, amma kunnena ba ya yar da magana. Abin da aka faɗa a gabana tun ina yarinya yana nan yadda aka faɗe shi, har da tarin da mai maganar ta yi a tsakiya.

Sunana Saratu. A Karu na tashi, a gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tun Mararaba ba ta cika ta batse haka ba. Babanmu, Yohanna, masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari. Da mahaifinsa ya rasu a ƙauyenmu can kudancin Kaduna, sai ya je ya ɗauko mahaifiyarsa ya kawo ta wurinmu. Ita ce Kaka. Shi kuma Iya yake ce mata.

A ƙauye Kaka ba ta san zama ba. In mace ta haihu, ita ake kira ta yi wa mai jego wanka. In wani ya kwanta ciwo, ita ce take fara isa da kunu da addu'a. Ranar zumuntar mata a coci kuwa ita ke gaba da gora tana kaɗawa. Amma da ta iso Karu, Baba ya sayo mata kujerar roba da ƙaramar rediyo, ya ajiye su a bakin ƙofa ya ce, "Iya, wahalar da kika sha ta isa. Yanzu hutu ne naki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kada ka ɗauka mugu ne. Mutum ne da yake tashi tun duhu ya yi kokawar shiga bas, ya yini yana kai takardun oga daga wannan ofis zuwa wancan, kuma abin da yake alfahari da shi a duniya shi ne uwarsa ba ta ɗaukar ko tsinke. In ta ɗauki tsintsiya, mamanmu ta karɓe. In ta jawo bokiti, a ce, "Haba Mama, me kike so mutane su ce?" Haka za a watse da safe, mu mu tafi makaranta, mamanmu ta tafi kasuwa inda take sayar da kayan miya, a bar ta kan kujerar nan tana kallon bangon maƙwabta. In na dawo sai in tarar da ita yadda na bar ta, sai dai ta ɗan matsa ta bi inuwa. Rediyon ma ba ta kunnawa. Ta ce masu maganar ciki ba sa jira a amsa musu.

Lokaci ɗaya ne kawai nata. Saboda tsadar kananzir, mamanmu a murhu take tuƙa tuwon masara a bayan gida. In an sauke tukunya, Kaka sai ta ce kada a zuba wa garwashin ruwa. Mu ci abinci, mu kewaye wutar, ni da ƙannena da yaran gidan hayar, ita kuma ta zauna a kan turmi ta miƙe ƙafafu. Ba ta fara tatsuniya kamar kowa. Sai ta ce, "Bakina ya yi nauyi, wa zai sauke mini?" Mu ce, "Mu ne, Kaka." A nan ne kawai nake ganin fuskarta ta dawo irin ta mai rai.

A ɗakin da ke manne da namu akwai wata yarinya, Rahila, daga can wajen Takum. Mijinta direba ne a tashar Jabi, in ya ɗauki doguwar hanya sai ya kwana biyu ba a gan shi ba. Ta haihu haihuwar fari, ba uwa a kusa, ba 'yar'uwa, an sallamo ta daga asibiti aka ajiye ta a ɗaki ita da jariri. Bangon kuwa ba kauri. Muna jin kukan jaririn, in ya yi shiru kuma mu ji na uwar, ƙasa-ƙasa, irin na wadda ba ta so a sani.

Wata yamma Baba ya dawo yana cire takalmi, Kaka ta ce, "Yohanna, yarinyar nan ba ta da kowa."

Ya ce, "Iya, tana da miji."

"Mijin ne zai gasa mata jiki? Yana can bisa hanya da motar mutane. Ko cibiyar yaron ba ta san yadda za ta yi da ita ba."

"Iya, nan ba ƙauye ba ne. Ba a faɗa wa mutane ɗaki haka kawai. In wani abu ya sami jaririn, ni za a riƙe. Kuma so kike a ce na kawo uwata Abuja tana yi wa 'yan haya wankin tsumma?"

Ta ce, "To, me kake so in yi da yinin nan?"

"Ki huta."

Da aka gama cin tuwo ta zauna kan turminta. Baba ba ya zama cikinmu, yana daga gefe a kan benci yana goge takalman gobe, amma duk abin da aka faɗa yana shiga kunnensa. Kaka ta yi tari, ta ce bakinta ya yi nauyi, muka ce mu ne masu saukewa.

Ta ce a zamanin da, ba haka kawai gari yake waye wa mutane ba. Kullum da asuba ɗan aiken Ubangiji yakan bi gida-gida ya ajiye wa kowa yininsa a cikin ƙwarya a bakin ƙofa, da ɗuminsa, kamar kunu. Mutum ya sha, ya yi noma da shi, ya ɗibar wa wani in ya ga dama, kafin dare ƙwarya ta ƙare. To akwai wata tsohuwa mai ɗa ɗaya, maharbi, wanda yake sonta kamar ransa. Ya dube ta ya ga ta tsufa, sai ya ce a ransa, in uwata ta ci gaba da rabar da yininta a gidajen mutane, wata rana zai ƙare in rasa ta. Sai ya sayo babbar randa. Kullum in an ajiye mata ƙwaryarta, ya ba ta kurɓi ɗaya don ta rayu, sauran ya juye a randa ya rufe da faifai. Ya ce, "Zauna, uwata. Ina tara miki."

Ƙanena Dauda ya ce, "Kaka, kunu ai tsami yake yi."

Ta ce, "Kai da ba ka iya ɗaura wando ba, ka sani. Maharbi bai sani ba."

Muka yi dariya. Burushin Baba ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Ta ce tsohuwa ta zauna. Maƙwabciya ta kwanta ciwo, ba ta je ba. Aka yi haihuwa, aka yi rasuwa, tana zaune tana kallon randa. Har ranar da ɗan aiken ya zo ba ƙwarya a hannunsa, ya ce mata, "Taso, an ce ki zo gida." Maharbi ya yi wuf ya ce, "Tsaya, ai tana da ajiya." Ya ɗaga faifai. Babu komai a ciki sai wari da busasshen ɓawo a gindin randa. Ɗan aiken ya ce, "A can inda za mu, yinin da aka zuba wa wani ne kawai yake riga mutum isa. Tsohuwa, ina kika kai naki?" Ta ce, "Ɗana ne ya ce in huta."

A nan Kaka ta ɗauki kara tana tona garwashi. Muka matsa mata, to me ya ce?

Ta ce, "Ya ce mata, ɗanki na ba shi nasa, shi ma zan zo in tambaye shi. Naki nake tambaya."

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta ce nauyi ya sauka, kowa ya je ya kwanta. Ba kura, ba gizo, ba waƙa. Muka tafi muna gunaguni cewa wannan ba tatsuniya ba ce.

Washegari ƙamshin ganyen darbejiya ne ya tashe ni. Na leƙa bayan gida na ga Kaka ta riga ta hura wuta, ta ɗora ƙaramar tukunyar miya cike da ruwa, don ita ce kaɗai tukunyar da take iya ɗauka. Ta ɗaure ƙugu da ɗankwali. Baba ya fito da shirin aiki ya tsaya yana kallonta, ita kuma ba ta ɗaga kai ba, tana ta tura itace. Na ɗauka faɗa za a yi. Ya daɗe a tsaye, har na ji ana kiran fasinja a bakin titi. Sai ya ajiye jakarsa, ya shiga ya ɗauko babbar tukunyar da ake dafa shinkafar Kirsimeti, ya cika ta da ruwa, ya ɗora mata a murhu. Ya ce, "Wannan ƙaramar ba za ta ishi mai jego ba." Ya ɗauki jakarsa ya tafi, da tabon toka a wandon da ya goge.

Ni na riƙe mata bokiti har ƙofar Rahila. Ta ƙwanƙwasa ta ce, "'Yata, buɗe, uwarki ce ta zo." Rahila ta buɗe da ido a kumbure, ta dubi Kaka, ta dubi ruwan yana tururi, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Kaka ta ce, "Kukan ya isa haka, zai ɓata miki nono. Miƙo min mijin nan nawa in ga ko ya cika kyau."

Kaka ba ta daɗe sosai ba bayan wannan, damina kaɗan ta ƙara gani. Amma kujerar robar nan sai ta koma wurin shanya tsummokaran jarirai. Mata daga wasu gidajen hayar suka riƙa aiko a kira ta, Kirista da Musulmi, har da waɗanda Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Kafin ta taɓa ruwa takan ce, "Ubangiji, ga yinin da ka ba ni, ga inda zan zuba shi." Ranar da aka ɗauki gawarta zuwa ƙauye, matan da suka cika ƙofar gidanmu da goyo, Baba bai san ko rabinsu ba.

Shekara da shekaru na ɗauka da Baba take a tatsuniyar nan, cewa ta ɗaure shi ne da magana a gaban 'ya'yansa. Sai yanzu na gane ba shi aka yi wa tambayar ƙarshe ba. Tsohuwar aka yi wa. Kanta Kaka take yi wa magana a daren nan, mu dai ta ari kunnuwanmu ne. Shi ya sa ba ta jira izininsa ba kafin ta hura wuta.

Na gane ne don yau ni ce a kan kujerar. Maigidana ya rasu, ɗana ya ɗauko ni daga Mararaba ya kawo ni gidansa kusa da Jabi, gida mai bene da katanga da waya a samanta. Yaron kirki ne, matarsa ma haka. Akwai mai aiki, akwai janareta, akwai talabijin da ba ta gajiya. In na shiga kicin a ce, "Mama, ki huta mana." Jikokina ba sa jin Hausa sosai, in na ce bakina ya yi nauyi sai su tambayi uwarsu ko haƙori ke damuna. Ranar Lahadi a kai ni coci a mota, a dawo da ni a mota, kafin in gama gaisawa da mutum ɗaya an kunna inji. Sauran kwanakin kuwa in yi addu'ar safe in gode wa Allah da ya ba ni sabon yini, sannan in zauna ina kallonsa yana wucewa ta taga. Wani lokaci kunyar godiyar ma nake ji.

A benen gidan da ke kallon namu akwai wata tsohuwa, da carbi a hannu, uwar wani babban ma'aikaci ce, in ji mai aikinmu. Ita ma da safe ake watsewa a bar ta. Takan fito baranda ta zauna, ni ina taga, katanga biyu da titi a tsakaninmu. Rannan ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata. Ko sunanta ban sani ba. Na yi wa ɗana maganar, ya ce, "Mama, a nan ba a shiga gidan mutane haka. Bari in samu lokaci in yi wa ɗanta magana." Lokacin bai samu ba har yanzu, kuma na san ba nasa za a tambaye ni ba.

Na dama kunun gyaɗa da safen nan kafin mai aiki ta tashi, yana cikin fulas, zanina na fita yana kan gado. Ɗana da matarsa kuma sai dare za su dawo. Kai da ka zauna ka saurare ni har nan, in kai ne, za ka jira a dawo a ba ka izini, ko za ka ɗauki fulas ɗin tun kunun yana da zafi?