Ɗakin da Na Kama a Alexandria

A shekarar da autarmu ta shiga makaranta na lura cewa ni da maigidana mun koma kamar masu gadin ma'aikata ɗaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, da yamma nake shiga asibiti. Shi injiniya ne a wani ofis a nan Germantown ta Amurka, da sassafe yake fita. In ya shigo sai in damƙa masa yara, in gaya masa abin da ke cikin firiji, in zari makulli. Ba faɗa muke yi ba. Da ma faɗan ne, da na san ta inda zan kama. Hira ce kawai ta mutu, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin mutumin nan a Zariya, muna ɗalibai, har roƙonsa nake ya bar ni in yi karatu saboda surutu. So nake in san ko da sauran wani abu tsakaninmu ban da yara.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni dabara. Ta ce ita da mijinta sukan ajiye yara su tafi ƙaramin otal su yi ƙarshen mako. Na yi mata dariya, na ce mu da muke da gida da gado, me zai kai mu otal? Amma maganar ta ƙi fita daga raina. Duk lokacin hutun cin abinci sai in tsinci kaina gaban kwamfuta ina kallon hotunan ɗakuna.

Ban so manyan otal irin na masu taro ba. A tsohon ɓangaren Alexandria, wani gari da ba shi da nisa da mu, kusa da kogi, na sami wani tsohon gidan jan bulo da aka mayar masauki, ɗakunansa kaɗan ne, kowanne da irin adonsa. Na zaɓi wanda aka ajiye kujeru biyu a bakin tagarsa suna kallon juna. Na buga musu waya na ce a kwashe giyar da ke ɗakin, kuma kada naman alade ya kusanci karin kumallonmu. Na binciko gidan abincin da ke gasa kifi. Na yi musayar ranakun aiki, na je aka yi mini lalle, na ɗauki humra tunda an ce ba a kunna turaren wuta a ɗakin. Ko lokacin aurena ban yi wa kaina hidima haka ba.

Da na gaya wa maigidan, na nuna masa hoton wurin da sunansa, bai ɗago daga kan tuwo ba. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Na ɗauka kunyar Bahaushe ce.

Ranar Juma'a muka kai yara gidan yayarsa a Takoma Park. Ta dubi hannuna ta yi murmushi, ta tambayi ina muka nufa. Na ce Alexandria, ban ƙara komai ba. Na san kawun maigidan, wan mahaifiyarsa, mutumin Maraɗi, yana zaune a can yana tuƙin tasi. Amma shi yana dogayen benayen nan na yammacin gari, mu kuwa bakin kogi za mu. Na ce a raina ai gari da faɗi.

Muka isa da la'asar. Ina tura ƙofa ƙamshin furanni ya tarbe ni, matar da ke karɓar baƙi ta yi mana murmushi. Sai idona ya faɗa kan wata kujera a gefe. Kawu ne zaune, da hularsa da carbinsa, ya miƙe ƙafa kamar a zauren gidansa.

Ban san lokacin da na durƙusa a tsakiyar wurin nan ina gaishe shi ba, baturiyar mai karɓar baƙi tana kallonmu baki buɗe. Ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ga maigidan.

Ya ce, "Mi na yi muku? Ina garin nan da raina, ɗan ƙanwata shi zo shi kwan otel kamar marar dangi? In labari ya kai Maraɗi, da wane ido zan dubi uwarka?"

Na zuba wa mijina ido ina jiran ya yi magana. Ya ce, "Kawu, ai ba haka ba ne." Daga nan ya sunkuya ya ɗauki jakarmu. Kawu ya je ya yi wa matar bayani da Turancinsa mai haɗe da Faransanci, cewa an gode, yaran nan suna da gida. Ɗakin da na yi makonni ina kallo a kwamfuta, ko matakalarsa ban taka ba. Muka bi bayan tasinsa.

Ba zan ci amanar mutanen nan ba, sun karɓe mu hannu bibbiyu. Hajiya matar Kawu ta yi dambu, ta soya kaji, ta dama fura. Sai dai ba a ba ɗa da matarsa ɗaki ɗaya a gidan kawunsa. Aka yi wa maigidan shimfiɗa a falo, ni kuma aka kai jakata ɗakin Hajiya. Ta kama hannuna tana juyawa, ta ce, "Ɗiyata, wannan lalle haka, biki za ku?" Na ce a'a, sha'awa ce kawai.

Ranar Asabar abokan Kawu direbobi suka cika falo, wai sun zo ganin baƙi. Aka ɗora shayi. Ina kicin ina yanka albasa, sai na jiyo dariyar da na yi shekaru ban ji ba. Maigidana ne ya riƙe hira, yana ba da labarin shugabansa na ofis har da kwaikwayon murya, mutane suna buga cinya. Na tsaya da wuƙa a hannu. Ashe surutun yana nan, ni ce ba a yi da ni. Albasa ta rufa mini asiri ranar.

Duk haushina a kan Yaya na tara shi, don ita kaɗai na gaya wa sunan garin. Ranar Lahadi da muka je ɗaukar yara, na ja ta gefe, na sassauta murya yadda ya kamata.

Na ce, "Yaya, da ba ki sanar da Kawu ba."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Rabona da Kawu tun gaisuwar sallah. Ni da na ga lallenki har addu'a na bi ku da ita. Can kuka kwana?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Kawu ba a gari ya tare mu ba, a cikin otal ya tare mu, kuma ban taɓa gaya wa Yaya sunan otal ɗin ba.

Na fita na same shi a bayan mota yana shirya jakunkunan yara.

Na ce, "Baban yara, kai ka kira Kawu."

Ya ce, "Ai ba a shiga garin babba ba a sanar da shi ba."

"Har da sunan otal? Har da lokacin da za mu isa?"

Ya daɗe yana gyara jakar da ba ta bukatar gyara. Da ya ɗago, ban ga alamar faɗa a fuskarsa ba, kuma hakan ya fi tsorata ni.

Ya ce, "Tsoro na ji. Daga ni sai ke, babu yara, babu aiki, tun daga Juma'a har Lahadi. Me zan ce miki?"

Na buɗe baki in ba shi amsa. Na laluba, na sake lalubawa, ni ma ban sami ko kalma ɗaya ba. Yara suka fito da gudu suna rigimar wanda zai zauna bakin taga, muka shiga mota.