Jarkar da Baƙo Ya Kawo Maƙabartarmu

Shekarun baya, lokacin da jarkunan fetur suka fi mutane tsallakawa Benin, wani baƙo ya tare ni a bakin tsohuwar maƙabartar ƙauyenmu, can wajen Geza. Maƙabartar ta girmi kakan kakana. Mu ba mu rubuta suna a kan kabari, da itace muke gane kowa: wane yana gindin tsamiya, wance taki biyar yamma da kuka. Ni da allona bai yi nisa ba, wannan karatun kam na haddace shi.

Da hantsi ne, ina dawowa daga gona. Yana kan babur, ya ɗaure jarka a baya, Hausarsa na jan harshen Dendi.

"Baba, don Allah ina madacin da tsawa ta tsaga?"

Na dubi jarkar, na dube shi. Kusa da madacin nan akwai kuka mai kogo, wadda za ta haɗiye jarka ashirin ba ta yi gyatsa ba. Na ce a raina, wato ku masu fasa-ƙwaurin fetur daji ya ƙare muku, sai wurin matattunmu?

"Mi za ka yi da madaci?"

"Ziyara na zo."

"Ziyara da jarka? To, bismilla."

Na ja shi can ƙarshen maƙabarta, wurin wani madaci da ko tsuntsu bai taɓa tsaga shi ba. Ya ce bai ga tsaga ba. Na ce ta warke, itacen namu akwai albarka. Allah Ya yafe mini.

Ya tuɓe takalmi, ya ƙirga taki bakwai gabas, ya durƙusa. Ni kuwa na matso ina buɗe hanci kamar akuya. Da ya kwance murfin, sai na ga ruwa ne zalla. Yana yayyafawa a ƙasa yana hawaye. Ya ce mahaifinsa ɗan fatauci ne, ciwo ya kama shi a garinmu, aka rufe shi nan tun shi yana cikin uwarsa. Mahaifiyarsa kafin ta cika ta faɗa masa itacen da yawan takin.

Na tuna ɗan fataucin nan. Ina saurayi, da ni aka haƙa kabarinsa. Ga ɗansa yana shayar da fili, wurin da ko jinjiri ba a taɓa rufewa ba.

Zuciyata ta ce in yi shiru, addu'a ai ta san hanya. Amma na kasa.

"Ɗana, tsaya. Rage ruwan nan. Ƙarya na yi maka."

Ya ɗago. "Baba, da furfurarka?"

"Da ita. Na ɗauka fetur ne."

Bai yi dariya ba, bai kuma zage ni ba, wanda da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki jarkar da kaina na kai shi madacin gaskiya. Abin da ya rage bai fi kofi biyu ba. Shi ya zuba wa mahaifinsa.

Har yau ban daina zargin baƙo ba, hali ne na bakin iyaka. Amma duk lokacin da aka kai gawa, kafin in fito sai na ratsa ta kabarin nan da butata cike.