Zalika Mai Randar Iri

Ƙauyenmu yana arewa da Barmu, ana ce masa Tsibiri, don in damina ta yi albarka ruwan fadama kan kewaye tudun da muke kai. Ba mu da abin tinƙaho sai wani gajeren hatsi mai nuna a kwana saba'in, gadon kakanni. Kowace kaka, kowane gida kan zaɓi zangarkun da suka fi kyau ya kai wa tsohuwa guda. Ita za ta sussuke, ta cuɗa da toka, ta zuba a randa, ta liƙe bakin da laka. Ba a fasa lakar sai ruwan shuka ya sauka. A zamanina Zalika ce mai randar, wata ƴar firit mai kaifin baki, wadda ko gaisuwarta sai ka ji kamar faɗa.

A shekarar tamanin da huɗu ruwa ya ƙi. Aka share rumbuna, aka koma jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci. Maigari Ciɗo ya je da dattawa ya roƙi Zalika ta buɗe randar, ta ce musu ba ita ta kafa al'adar ba, ba kuma a hannunta za ta karye ba.

Sai wani ya kai tsegumi birnin Tawa cewa akwai mai ɓoye abinci a Tsibiri, alhali gwamnatin soja ba ta wasa da masu ɓoyo. Da hantsi jandarmomi biyu suka iso. Muka taru a ƙofarta, kuma ba zan ɓoye ba, fatana a fasa randar. Babbansu ya ɗaga gindin bindiga, sai Zalika ta haye kan randar ta zauna.

"Iri na, ɗana," in ji ta. "In an ka daka shi, kwana biyu garin ga ka cin shi. Ran da ruwa ya zo, mi za mu sa ƙasa?"

Ya sauke bindigar. Ya tambayi maigari ko gaskiya ne, Ciɗo ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Suka shiga motarsu suka tafi.

Wadda ta fi jandarma wuya ita ce ƴarta Jummai. Nononta ya ƙafe, ga jaririya a baya. Ta durƙusa ta roƙi ko cikin ludayi ɗaya ta dama kunu. Zalika ta juya mata baya tana kuka, amma ba ta buɗe ba. Jummai ta bi masu tafiya Tawa ba sallama. Ranar na tsani tsohuwar nan. Kafin sanyi ya wuce aka aiko cewa jaririyar ta rasu a sansanin masu gudun yunwa.

Da ruwa ya sauka a shekarar da ta biyo, Zalika ta fasa lakar, ta shimfiɗa tabarma, tana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya tana auna wa kowa rabonsa. Cikin gida arba'in, goma sha uku suka amsa. Da ta zo gidan su Jummai ta kira sau uku, shiru. Ta ƙulle rabonsu a bakin zanenta, ta ɗauki sungumi, ta nufi gonarsu ita kaɗai.